Kujerun Aro a Gidan Haya

Masu aiko min saƙo cewa in daina ja musu rai, in faɗi abin da ya faru ranar da mahaifiyar Nedim ta zo ganina, to ku gyara zama. Sai dai in gaya muku tun yanzu, ba ni ce jarumar wannan rana ba. Ni ce ma na fi kowa ba da kunya, kuma gara in faɗa da bakina kafin matan benenmu su riga ni.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Gulizar, shekarata ashirin da uku. Ni da Innata kaɗai muke zaune a hawan ƙasa na wani tsohon bene mai hawa biyar a nan Antep. Ɗaki ɗaya ne da falo, sai kicin ɗin da in mutum biyu suka shiga, dole ɗaya ya fita kafin ɗayan ya iya juyawa. Shekara uku ke nan da rasuwar Baba. Ni ina tsaron kanta a gidan burodi daga safe zuwa azahar, Inna kuma fasa fistik take yi a gida, wato wata 'yar ƙwaya mai ɓawo da ake ci kamar gyaɗa. 'Yan kasuwa su kawo buhu, ta zauna da 'yar gudumarta tana fasa ɓawon ɗaya bayan ɗaya, su dawo su auna su biya ta. Da haka asirinmu yake rufe, har haya ta haukace a garin nan bayan girgizar ƙasa.

Alhaji Shukru mai gidan ba mugun mutum ba ne, amma sai da ya ninka mana. Inna ta yafa mayafinta ta je ofishin tallafi na gundumarmu, ta cike takardar neman tallafin haya irin wanda gwamnati ke ba marasa ƙarfi. Aka ce mata ta koma gida, ma'aikaciya za ta zo ta ga halin da muke ciki da idonta, amma ba sa faɗin rana. Alhaji ya ce zai jira mu zuwa ƙarshen wata. In tallafi ya fito mu ci gaba da zama. In bai fito ba, sai ƙauyen Kawu can bayan Nizip, inda aka ce za a share mana ɗakin da ake ajiyar albasa.

Duk wannan ban taɓa gaya wa Nedim ko kalma ɗaya ba.

Nedim maƙerin tagulla ne a tsohuwar kasuwa. Wata biyar ya yi yana zuwa kantinmu kullum safiya, kuma abin da yake iya ce min bai wuce "biyu" ba, yana nuna burodin riɗi da yatsa. Ranar da ya ƙara da "ya aiki?" sai da kunnuwansa suka yi ja. Irin mutumin ke nan. Daga nan muka saba, har maganar aure ta taso. Ran Talata ina cikin ba wata mata canji wayata ta yi ƙara, saƙonsa ne.

"Hajiyata ta ce Alhamis bayan azahar. Ita da Yaya Nuran. Kada ki tsorata, ba ta cizo."

Na rubuta masa, "Kai ka ce."

"To, tana ɗan cizo, amma ba ta haɗiyewa."

Na yi dariya a gaban mutane. Amma kowa a kasuwa ya san mahaifiyarsa, Hajiya Mukaddes. Shaguna uku mijinta ya bar mata, kuma ita ke riƙe da makullansu.

Kafin la'asar labari ya hau hawa na uku ya kai kunnen Goggo Sidika, yayar Baba. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta faɗo falonmu, ta riƙe ƙugu tana bin ɗakin da kallo: katifun zama guda uku jikin bango, tsohuwar shimfiɗar saƙa da ta koɗe, 'yar talabijin da sai an mare ta take kawo hoto, sai buhunan fistik a lungu.

"Nezahat, a nan za ki zaunar da Hajiya Mukaddes? A ƙasa? Matar da ta je Makka sau biyu?"

Inna ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ta fasa fistik ɗinta. "In ta je Makka ai ta iya zaman ƙasa, Yaya."

"Ke dai bakinki ne arzikinki! 'Yar ɗan'uwana ce, ba zan bari a shigo a raina ta ba. Gobe za a sauko da kujeruna."

Kada ku ga laifin Goggo sosai. A benenmu haka ake yi tun kafin a haife ni. Ranar da za a zo ganin yarinya, kowace mace sai ta sauko da abin da ya fi kyau a ɗakinta. Kujerun Goggo masu ruwan zuma kaɗai sun aurar da 'yan mata huɗu.

Inna ta ajiye gudumar. "Yaya, kin manta muna jiran mutanen ofishi? In suka zo fa?"

"Sati shida ba su zo ba, sai Alhamis ɗin nan za su zo? Kwana ɗaya ne tal. Juma'a da safe kowa ya kwashe kayansa."

"Ni dai raina bai kwanta ba."

A nan ne na saka baki, kuma nan ne laifina. Na durƙusa kusa da Inna, hawaye na zuba, na ce mata, "Inna, don Allah. Sau ɗaya ne a rayuwata. Ba na son ta shigo ta ga buhu."

Wallahi har yau in na tuna kallon da ta yi min sai jikina ya yi sanyi. Buhun nan shi ya biya min makaranta. Ba ta yi min gori ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Share fuskarki. Gobe ki dawo da wuri ki kama musu."

Ran Laraba matattakalar benenmu ta koma kasuwa. Kujerun Goggo suka sauko da ƙyar, ana "ɗaga nan, karkata can, wayyo ƙafata!" Hajiya Zeliha ta hawa na huɗu ta ba da dardumarta mai laushi wadda ko jikokinta ba ta bari su taka. Matar malamin makaranta ta hawa na biyu ta ba da talabijin ɗinsu mai faɗin rabin bango. Aka kawo labule mai ruwan madara, da kabad ɗin gilashi cike da kofuna masu bakin zinare, da fulawar roba. Wata ma har kejin tsuntsunta ta kawo, wai gidan masu hali ba ya rasa kanari. Buhunan fistik da katifunmu muka tura ɗakin kwana muka lulluɓe da bargo. Ni kuma 'yar Goggo ta ara min doguwar riga mai ruwan ganyen zaitun, mai ƙananan duwatsu a wuya da bakin hannu, Hajiya Zeliha ta zura min awarwaron gwal guda biyu tana cewa, "In kika ɓatar min sai na sayar da ke."

Na tsaya a tsakiyar falon ina juyi, ina jin daɗi har raina. Inna kuwa ta rasa inda za ta zauna a gidanta. A bakin kujera ta ɗosana kamar wadda ta zo jiran likita.

Alhamis ƙarfe biyu da rabi Nedim ya turo: "Sun taso. Ta ɗaura ɗankwalinta na siliki, alamar da gaske take. Allah ya ba mu sa'a."

Suka iso. Hajiya Mukaddes gajeriya ce mai jiki, gilashinta rataye da sarƙa a wuya, idanunta ƙanana amma babu abin da ke wuce su. 'Yarta Nuran na biye da ita riƙe da kwalin baklawa, kayan zaƙin da ake kai wa gidan yarinya. Na sumbaci hannunta na kai goshi, na ajiye musu silifas ɗin baƙi, na zuba musu turaren lemo a tafi. Ta zauna a tsakiyar babbar kujera, kuma ina kallonta ta zura yatsa ƙarƙashin gefen teburi ta duba ko da ƙura. Ba ta samu ba. Goggo ta kashe min ido.

"Masha Allah, gida tsaf," in ji Hajiya. "Dardumar nan saƙar garin Hereke ce, mai tsadar nan?"

Goggo ta yi caraf ta amshe, "Marigayi ɗan'uwana ai mutum ne mai son abu mai kyau."

Inna ta sunkuyar da kai tana murza yatsunta.

Na shiga kicin na dafa gahawa, ina addu'ar kada kumfar ta kwanta. Na fito da faranti, na miƙa wa Hajiya kofinta, ta karɓa tana kallon hannuna da awarwaron. Ina juyawa wajen Yaya Nuran ke nan aka danna ƙararrawar ƙofa.

Goggo ce ta je. Falonmu da ƙofa taku uku ne, don haka duk wanda ke ɗakin ya ji.

"Sannu Hajiya. Nan ne gidan Malama Nezahat? Sunana Ferda, daga ofishin tallafi nake, kan takardar haya."

Jama'a, ban san yadda aka yi farantin bai suɓuce min ba.

Goggo ta rage murya, ta tare ƙofar da jikinta. "Ba ta nan, 'yata. Ki dawo gobe da safe, Allah ya yi miki albarka."

"Ba a ba ni gobe ba, Hajiya. In na rubuta ban same ta ba, takardar za ta koma ƙarshen layi. Wata uku ke nan, wataƙila huɗu."

Saura kwana tara wata ya ƙare. Na san haka, Inna ta sani, Goggo ma ta sani. Tsuntsun aro kuwa sai tsalle yake ta yi a kejinsa.

Inna ta miƙe. Ta gyara ɗankwalinta, ta ce da murya ƙarara, "Ina nan, 'yata. Yaya, matsa mata ta shigo."

Malama Ferda ba za ta wuce shekara talatin ba, siririya, da takalmin tafiya da katin aiki rataye a wuya, fuskarta duk gajiya. Ta cire takalmi ta gaishe da kowa cikin ladabi. Tun daga bakin ƙofa ta ɗaga babbar wayar aikinta ta ɗauki hoton falon, haka dokarsu take. Sai bayan ta sauke wayar ta dubi abin da ta ɗauka da kyau: kujeru, darduma, talabijin, kabad, ni da gwal a hannu. Na ga girarta ta ɗan ɗaga. Ta duba takardar, ta sake duban ɗakin.

Goggo ta juya wajen Hajiya tana dariyar yaƙe. "Masu ƙidaya ne, Hajiya. Kin san gwamnati, kullum da abin da suke ƙirgawa."

Hajiya Mukaddes ta ɗora gilashinta a hanci.

"Malama Nezahat," in ji Ferda a hankali, "a takarda kin rubuta ba ku da kujeru, ba ku da wata kadara. Waɗannan yaushe aka saye su?"

Inna ta juyo ta dube ni. Na gane kallon. Ba umarni take ba ni ba, dama take ba ni: baƙina ne, rufin asirina ne, ni na roƙa. Da na buɗe baki na ce "na aro ne," da shi ke nan. Amma idon Hajiya na kaina, na tuna shaguna uku, na tuna Nedim da kunnuwansa, sai na kafe idona a kan farantin da ke hannuna. Na yi shiru, jama'a. Gidanmu na shirin suɓucewa ina tsaye, na yi shiru saboda kada a ce ni 'yar talaka ce.

Inna ta ɗauke idonta daga kaina ba tare da fushi ba. Ta fara juyawa wajen baƙuwarta.

"Hajiya, ki gafarce ni. Kin shigo gidana da mutunci, ni kuma na tarbe ki da abin da ba nawa ba. Laifina ne, ni ce babba." Sannan ta dubi Ferda. "Rubuta, 'yata. Kujerun nan na Yaya Sidika ne, hawa na uku. Darduma ta Hajiya Zeliha ce, hawa na huɗu. Talabijin ta matar malam ce. Labule, kabad, kofuna, har tsuntsun can da ke mana ihu, babu nawa ko ɗaya. An zo ganin 'yata ne yau, maƙwabta suka yi mana sutura."

"Nezahat!" Goggo ta dafe ƙirji. "Kin haukace ne?"

"Yaya, kunya ba ta biyan haya."

Na ga alamar Ferda tana son ta yarda, amma ta girgiza kai. "Inna, kada ki ji haushina. Kusan duk gidan da na tarar da kaya, abin da ake ce min ke nan, na maƙwabta ne. Wasu kuma kafin mu zo suke kwashe nasu su kai sama su ɓoye. Ni abin da idona ya gani nake rubutawa."

"Gaskiyarki," in ji Inna. "To bari idonki ya gani."

Ta wuce ta buɗe ƙofa, ta tsaya a gindin matattakala, matar da ko ni ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta ƙwala kira har sai da benen ya amsa.

"Zeliha! Matar malam! Hanife! Kowa ta sauko ta ɗauki kayanta, Allah ya saka da alheri, an gama!"

Ai da ma duk suna laɓe a bayan ƙofofinsu suna jiran labari. Kafin ka ce me, sun cika falon, wata da ludayi a hannu, wata da hannun riga a naɗe. Da suka ga katin wuyan Ferda, babu wadda ta nemi bayani. Fuskokinsu suka canza gaba ɗaya. Hajiya Zeliha ce ta fara durƙusawa ta kama bakin dardumarta.

"Tawa ce, 'yar nan, rubuta. Ɗaga can ki ga inda jikana ya ƙona ta da dutsen guga, don ma kada ki ce ƙarya nake. Ɗaga ƙafarki, baiwar Allah," ta ce da Yaya Nuran, wadda ta ɗage ƙafafunta sama tana zare ido.

Matar malam ta buɗe wayarta ta nuna hoton 'ya'yanta zaune gaban talabijin ɗin a ɗakinsu. Mai labule ta hau kan teburi tana cirewa. Aka fitar da kabad ana ihun "a hankali, kofunan aurena ne!" Mai tsuntsu ta rungume kejinta ta fice tana yi masa magana. Ferda na tsaye a lungu tana rubutu, tana tambayar kowace sunanta da hawanta, kuma sau biyu na ga ta cije leɓe don kada dariya ta ƙwace mata.

Darduma na tashi, simintinmu mai tsaguwa ya bayyana. Labule na sauka, sai ga danshin bango da muka ɓoye. Cikin minti ashirin babu abin da ya rage sai babbar kujera ɗaya, Hajiya Mukaddes zaune daram a tsakiyarta da kofin gahawa a hannu. Mata huɗu suka tsaya a gefenta, babu mai ƙarfin halin cewa ta tashi.

Inna ta shiga ɗaki ta jawo katifar zamanmu mafi kyau, ta kakkaɓe ta, ta shimfiɗa jikin bango. "Hajiya, bismillah. Wannan kam tawa ce."

Hajiya ta miƙe a hankali. Ba ta zauna a katifar ba. Tana tsaye aka ɗaga kujerar aka fita da ita, Goggo na biye tana share hawaye tana cewa an kashe ta an tona mata asiri. Sai a lokacin na tuna da hannuna. Na zare awarwaron nan biyu na miƙa wa Hajiya Zeliha a gaban kowa, na ce, "Rigar ma ta aro ce, zan wanke in kawo." Iyakar abin da na iya ke nan, kuma ya zo a makare.

Ferda ta dubi baƙin. "Hajiya, dole in rubuta duk wanda na tarar a gida. Mene ne dangantakarku da su?"



"Baƙi ne mu," in ji Hajiya Mukaddes.

Ta ajiye kofin a bakin taga, ko kurɓa ɗaya ba ta yi ba. Ta dubi buhunan fistik da Inna ta jawo waje, ta dubi hannuwan Inna, yatsun nan da suka faffashe suka yi baƙi. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, "Nuran, mu je. A tashi lafiya." Suka zura takalmansu suka fita.

Na jingina da bango na fashe da kuka. Inna ba ta lallashe ni ba. Ta zagaya da Ferda ko'ina, ta buɗe mata firji, ta nuna mata ɗakin kwana da takardar haya da ta rasuwar Baba. Da suka gama, Inna ta sa ta zauna a katifar da Hajiya ta ƙi, ta zuba mata shayi. Ferda ta sha, ta riƙe kofin da hannu biyu.

"Inna, shekara shida ina wannan aiki. Na ga masu fitar da kaya kafin in zo. Ban taɓa ganin wadda ta fitar a gabana ba, kuma a gaban surukai." Ta yi ajiyar zuciya. "Na yarda da ke, kuma zan rubuta duk abin da na gani. Amma hoton farko ya riga ya shiga takardarki, ba na iya goge shi. Kwamiti zai zauna Juma'a ta sama. Kafin nan za su turo wani ya sake dubawa, ba ni ba, kuma ban san ranar ba. Don Allah ɗakin nan ya zauna yadda yake. In ya tarar da kujera ko ɗaya, za a ce kun ɓoye ne kun dawo da ita, a rufe takardar."

"Haka zai tarar da shi," in ji Inna. "Ba ni da komai a nan, ba ni da komai a sama. Allah ne shaidata."

Bayan ta tafi na duba wayata ya fi sau hamsin. Babu komai daga Nedim. Na rubuta "Ka ji?" na goge. Na rubuta "Ka yafe min" na goge. Na cire rigar aro na saka tawa, na zo na zauna kusa da Inna, wadda ta riga ta buɗe buhu ta koma aikinta kamar ba a yi komai ba. Na ɗauki ɗaya gudumar.

"Inna, ki yafe min."

"Fasa a hankali, kina farfasa 'ya'yan."

"Na ba ki kunya."

"Tsoro kika ji. Ni ma na ji." Ta watsa ɓawo a kwano. "Amma in na bari aka kore mu saboda kujerar Sidika, wane ɗaki za a zo a ɗauke ki a ciki ranar aurenki?"

Ban taɓa son mutum kamar yadda na so matar nan a wannan lokacin ba. Ina alfahari da ita har ƙirjina na ciwo, kuma ina jin kunyar kaina daidai da haka.

Rana ta yi sanyi, ana shirin kiran magariba, sai muka ji hon a ƙofar gida. Wayata ta yi ƙara a lokaci guda, saƙon Nedim ne.

"Fito. Hajiya ta ce ba a barin uwa irin wannan ta zauna a ƙasa."

Na ruga taga. Motar ɗaukar kaya ce a tsaye. A bayanta an ɗaure kujeru sababbi fil, ko ledarsu ba a cire ba, da darduma a naɗe. Nedim na tsaye yana kwance igiya, yana murmushi har kunne. A gidan gaba kuwa Hajiya Mukaddes ce zaune, ta sauke gilashin motar tana kallon ƙofarmu.

Na juyo ina dariya ina kuka. "Inna! Ta yarda! Inna, sun dawo!"

Goggo ta riga ta sauko da gudu babu ko silifas, tana buɗa. Matan bene duk sun leƙo ta baranda. Kowa a garin nan ya san ma'anar kayan farko da suka fito daga gidan miji: in aka karɓa, an ba da yarinya. In aka mayar, an ce ba a so, kuma ba a sake aikowa.

Inna ta miƙe ta je bakin ƙofa ta tsaya, ta dafa gefe da gefe.

"Ko ƙafar kujera ɗaya ba za ta shiga ɗakin nan ba."

"To a kai wajena!" in ji Goggo tana haki. "A hau da su sama, kwana takwas ne kawai, in kwamiti ya gama a sauko da su. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Ɗazu na rantse wa yarinyar mutane ba ni da komai a sama. Ba zan wayi gari ina da shi ba."

"Nezahat, za ki mayar wa Hajiya Mukaddes kaya a gaban unguwa? Bayan abin da kika yi mata ɗazu?"

Nedim ya riga ya sauke kujera ɗaya, ya ɗora ta a kai, yana tahowa. Da ya ga fuskar Inna sai ya rage tafiya, murmushinsa ya fara gushewa, ya dube ni yana neman bayani. Bai san da takarda ba, bai san da kwamiti ba, bai san saura kwana tara ba, don ban taɓa gaya masa ba.

Inna ta sauke hannu ɗaya daga jikin ƙofar, ta ba ni hanya.

"Ɗazu ni na yi magana, Gulizar," ta ce a hankali. "Yanzu ke za ki yi."

Na kalli hannuna, duk ƙurar fistik. Ban goge ba. Na wuce Nedim da kujerarsa a kai, na taka har gaban motar, inda Hajiya ta ɗora gilashinta a hanci tana jirana.

"Hajiya," na ce, duk unguwa na ji, "ki sa a mayar da kayan nan."